Jirgin da Gwamna Bai Iya Hawa Ba

Talata, 2 ga Yuni, 1925

Wani baƙin jirgin ruwa ya shigo tashar Apia, babban garin tsibirin nan, da hantsi, yana tari kamar tsohon mashayin taba. Tuta rawaya a samansa, alamar akwai ciwo a ciki. An ce injinsa ne ya lalace. Mutanenmu na ƙasar Sin ne maƙare a cikinsa, 'yan ƙwadagon da suka dangwala yatsa kan takardar aiki a Makau, za a kai su haƙar farar ƙasar taki a wani tsibirin Faransawa can gabas. Wucewa za su yi, ba namu ba ne.

Matata Talaleu ta hango tutar daga bakin ƙofa, ta juya ciki. Wani jirgin ne ya kawo mana murar da ta ɗauke mana yara biyu a mako guda, shekarun baya.

Laraba, 3 ga Yuni

Falaniko, ƙanin Talaleu, ya samu aikin kai wa jirgin gwaza da ayaba. Ba a taɓa jirgin. Kwanduna ake ɗorawa a kan wani katako mai yawo a ruwa, su jawo da igiya. Na ce zan bi shi. Ya ce, "Mijin yaya, zauna tsakiya ka riƙe gemunka, kai da ruwa ba ku san juna ba." Na ce na haye teku tun ba a yi wa ubansa zanen cinya irin na mazan nan ba.

Da muka kai inda murya ke isa, na ɗaga kai na yi tambayar da kowane ɗanmu ke yi: wane dangi, wane ƙauye? Suka yi ta jefo sunaye. Can wata murya ta ce, "Mok, daga Sek-kiu." Ƙauyenmu. Dangina. Kusan na kifar mana da kwalekwalen.

Yat-on sunansa, ɗan Mok mai gishiri da muka yi kiwon agwagi tare. Yana goye na baro gida, yanzu har da furfura. Mutum biyu ne riƙe da shi a jikin ƙarfen jirgin, ƙafafunsa sun kumbura kamar turmi.

Da na faɗi sunana sai ya ce, "Baffa, kai ne mai aiko da akwatuna?"

Ni ne. Duk ɗanmu da ya mutu a tsibirin nan ni ke binne shi a tudun bayan gari. In ƙasa ta gama aikinta in tono, in wanke ƙashi ɗaya bayan ɗaya, in jera daga yatsan ƙafa zuwa ƙoƙon kai, in tura gida a akwati. Sunayensu da ƙauyukansu duk a kaina suke. Ɗan rubutun nan ma a jikin allunan kabari na koye shi. Amma tun da na fara, ba wanda ya taɓa ce mini ga inda akwatunan suka ƙare.

Na ce, "Suna isa?"

Ya ce, "Suna isa, Baffa. Ni ke ɗauko na yankinmu daga bakin kogi a kafaɗa in hau da su dutse. Akwai wanda ya zo da ƙashin yatsa ɗaya fiye da ƙima, muka ce Baffa ya yi mana gyara."

Na yi dariya har Falaniko ya juyo yana kallona. Ƙarya yake, ban taɓa kuskuren yatsa ba. Ina jin.

Juma'a, 5 ga Yuni

Da safe na ga sun sauke ƙaramin kwalekwalensu. Matuƙa huɗu, da wani dogon abu naɗe a buhu. Suka wuce shingen duwatsun da ke cikin ruwa, suka yi nisa har suka zama ɗigo. Suka dawo babu buhun.

Zubar da su suke yi.

Wanda aka jefa a teku ba shi da ƙashi, ba shi da kabari, ba mai kai masa shinkafa. Yana nan cikin sanyi da yunwa har abada. Kuma mutumin da ya ɗauki ƙasusuwan wasu a kafaɗarsa...

Ƙafar nan tasa na san ta. Ciwon cin farar shinkafa zalla ne, na binne masu shi da yawa zamanin mulkin Jamusawa. In ya sauka ya ci ganye da kifi zai iya tashi. In ma bai tashi ba, ga ƙasa.

Asabar, 6 ga Yuni

Na gasa ɗan alade, na sa rigata mai maɓalli, na ɗauki Sito tafinta muka je wurin Baturen tasha. A gida ba a zuwa gaban mai mulki hannu sake. Sito ya ce in bar aladen a waje. Na ƙi. Baturen ya ga alade a kan teburinsa ya yi ja har kunne, ya sa masinja ya fitar. Sito ya ce mini ƙasa-ƙasa, "Tsoho, saura kaɗan ka kai mu gidan yari."

Amma ya saurare ni, ba zan yi masa ƙarya ba. Na ce mutum ɗaya nake so a sauko mini da shi, da rai ko babu rai.

Ya ce ba shi da iko. Na ce jirgin ba a ruwan Gwamna yake ba? Ga shi nan ta tagarka, in ka yi tofi zai sauka a kansa. Ya ce dokar da Sarkinsu ya yi don kare 'yan ƙwadagonmu tana hawa jirgi iri biyu ne kawai: mai tutarsu, ko wanda ya ɗebi mutane a tasharsu ta Hongkong. Wannan a Makau ya yi lodi, tutarsa ta wata ƙasa ce. Abin da ke faruwa a cikinsa tsakanin kyaftin ne da ƙasar tutar. Likita ma ba zai hau ba sai kyaftin ya kira, bai kuwa kira ba.

Na ce gawarwakin fa? Ya ce sukan wuce mil uku kafin su jefa, daga nan kuma ruwan ba na kowa ba ne.

Na ce to me yake da iko a kai? Ya ce, "Ina da ikon hana kowa sauka. Ba ni da ikon tilasta a saukar da kowa."

Na sa Sito ya maimaita, ko shi ne ya juya maganar. Haka take.

Masinja ya cinye kunnuwan aladen kafin mu fito.

Lahadi, 7 ga Yuni

Talaleu ta dawo daga coci ta tarar da labari ya riga ta gida. Ta ce, "Tsoho, da gaske kake neman a sauko mana da mai ciwo?" Na ce ciwonsa ba ya kama wani. Ta ce, "Wancan karon ma haka suka ce." Na ce ɗan dangina ne. Ta ce, "Waɗanda na haifa maka fa, 'yan dangin wa ne?"

Na fita na zauna gindin kwakwa. In gaskiya ce ma, ba duk masu kwance a jirgin na gani da idona ba. Ƙafar Yat-on kaɗai na gani.

Litinin, 8 ga Yuni

Wakilin ƙasarmu ya ba ni shayi. Ya ce takardarsa ta waɗanda aka kawo aiki tsibirin nan ce, masu wucewa ba sa ciki. Zai rubuta. Kafin amsa ta zo wata uku.

Shayin ma sanyi.

Talata, 9 ga Yuni

Sito ya bi mu ya yi wa kyaftin ihu da Turanci. Kyaftin ya leƙo da lofe a baki. Ya ce mai rai ba zai sauka ba, ƙidayayyu aka ba shi, ƙidayayyu zai kai. Gawa kuwa ko ya so ba mu, dokar Gwamnanmu ce ta hana komai fita daga jirgi mai tuta rawaya. Wannan ya nuna wancan, wancan ya nuna wannan.

Yat-on ya fito. Ya ce ganyen da na ɓoye a ƙarƙashin ayaba matuƙa ne suka ci. Ya ba ni labarin gida guntu-guntu, iska na kwashe rabi. Bishiyar bakin rijiya ta faɗi. An gyara kabarin uwata bara waccan, shi ya cire ciyawar. Bai ce don in gode masa ba, cikin zance ya faɗa.

Laraba, 10 ga Yuni

Sito ya zo har gida, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce Baturen ya faɗi wata magana yana duban bango, kamar ba da kowa yake ba. Wai in ƙafar mutum ta taɓa ƙasar tsibirin nan, ko ta wace hanya, ya shiga hannun Gwamna. Za a killace shi a asibiti, likita ya duba shi, kyaftin bai isa ya karɓe shi ba sai an yi shari'a. Amma wanda ya taimaka masa ya sauko, shi ma doka ta hau kansa. In ɗanmu ne, kora daga tsibirin.

Wato ya faɗo ruwa, mu tsince shi.

Na kira Falaniko. Wasan da ke bakinsa kullum ya ɗauke. Ya ce, "Mijin yaya, kwalekwalen na dangi ne, babban gidanmu ya riga ya ce duk wanda ya taɓa jirgin nan kada ya dawo ƙauye. Na haƙa ramin mutum tara da hannuna a shekarar murar nan. Ka nemi wani abu, ko mene ne." Na zage shi. Ya tsaya har na gama.

Alhamis, 11 ga Yuni

Yat-on bai fito ba.

Juma'a, 12 ga Yuni

Sun ɗauko shi a bargo suka jingina shi. Fuskar ma ta kumbura. Na gaya masa dabarar da harshen ƙauyenmu, don ko matuƙan da suka iya na birni kada su gane. Gobe da tsakar rana, lokacin da suke cin abinci, abokansa su zuro shi ta baya. Zan zo ni kaɗai.

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Baffa, ni da ko rafin Sek-kiu ta gada nake haye shi? Kai kuma ka tsufa. Kifi zai samu biyu a kuɗin ɗaya."

Na ce ya rufe mini baki, ba a musu da babba.

Can ya ce, "To Baffa. Ni dai kar ka bari ruwa ya riƙe ni. Ko yatsa ɗaya ne ka tura."

Na ce na ɗauki alkawari. Da bakina na faɗa, mutum sama da ɗari suna ji.

Asabar, 13 ga Yuni

Zan dai rubuta.

Falaniko ya bar kwalekwalen a bakin ruwa da filafili a ciki, ya tafi gona tun safe, shi da bai taɓa mantuwa ba. Na tura na shiga. Ashe tuƙin da nake gani kamar wasa ba wasa ba ne. Na buga dama ya yi hagu, na buga hagu ya juya ya kalli gari. Mata masu wanki suna ta nuna ni. Da ƙyar na kai rabin hanya, igiyar ruwa ta fara jana wajen duwatsu.

Kwalekwalen 'yan sanda ne ya cim mini. Suka ɗaura igiya suna jana kamar akuya. Da muka gifta kusa da jirgin na miƙe tsaye ina kiran sunan Yat-on. Mutanenmu sun cika jikin ƙarfen. Sai ɗaya daga masu riƙe shi ya sa hannu a baki ya ce, "Kawu, koma gida. Tun da asuba suka fita da shi a buhu."

Ina can ina aske gemu, ina neman wandon da ba zai yi nauyi a ruwa ba.

Baturen bai kulle ni ba. Ya ce tunda ban taɓa jirgin ba, ba abin da zai rubuta. Ya ce ya yi baƙin ciki. Ya ƙara da cewa in ruwa ya turo wata gawa gaɓa kada in taɓa, doka ta ce a ƙone ta. Na ce wa Sito ya tambaye shi: da yana numfashi ba ku da iko da shi, sai ya zama gawa ikonku zai iso, shi ma na wuta? Sito ya ce ba zai fassara wannan ba.

Litinin, 15 ga Yuni

Inji ya tashi. Sun tafi da la'asar. Har suka fita wasu na jefo mini sunayensu da na ƙauyukansu, wai in riƙe. Na riƙe. Me zan yi da su?

Laraba, 17 ga Yuni

Na bi bakin teku neman gawar Yat-on, tun daga tasha har bayan ƙauyen su Talaleu. Dole in riga 'yan sanda. Na ɗauki buhu da ƙaramar wuƙa, ko yatsa ɗaya ne. Ɓawon kwakwa, mataccen kare, takalmi wari guda.

Juma'a, 19 ga Yuni

Babu. Masunta sun ce ruwan wajen waje yake ja, ba ya dawo da komai. Kuma da ƙarfe suke ɗaure buhun.

Asabar, 20 ga Yuni

Na hau tudu na zauna cikin mutanena. Na saba in kira su ɗaya bayan ɗaya in gaya musu wanda ya kusa tafiya gida. Yau ban kira kowa ba. In sun isa bakin kogi wa zai ɗauke su?

Shinkafa ba ta wucewa. In na kai loma sai in tuna yana can da yunwa.

Talata, 23 ga Yuni

Talaleu ta ajiye mini kwano ta tsaya a kaina. Tun ranar cocin nan sai yau ta yi mini doguwar magana. Ta ce, "Tsoho, in ka kashe kanka wa zai tono ka? Ni dai ban iya jera ƙashi ba."

Sannan ta ce su ma teku na cinye musu mutane, tun kafin a san akwai Sin a duniya. Ba sa barinsu a can. Akan je gaɓar da ta fi kusa da inda mutum ya nutse, a shimfiɗa farin zanen ɓawon itace, a kira sunansa, a jira. Duk mai ran da ya fara hawa zanen, ko ƙwaro ne ko ƙadangare, shi ne ya amsa. A naɗe shi a kai gida a binne kamar mutum. Ta ce fasto ba ya so, amma an yi wa kawunta, kuma uwar faston ce ta riƙe gefen zanen.

Na ce mu ƙashi muke binnewa, ba ƙwari ba. Na ce wannan wasan yara ne.

Ta ce, "To kawo ƙashin."

Ta ɗauke kwanon ta tafi.

Alhamis, 25 ga Yuni

Na je ne don kada ta tafi ita kaɗai, duwatsun wajen da santsi.

Zanen da ta ɗauko na cikin akwatinta ne, wanda uwarta ta buga, wanda take ajiya don ranar tata tafiyar. Na ce ta nemo tsoho mana. Ta ce ba a kiran baƙo da tsumma. Falaniko ya biyo mu daga nesa, ya zo ya danne kusurwoyin da duwatsu, bai kalle ni ba.

Ta ce in kira. Na ce ita ta kira, al'adarsu ce. Ta ce, "Da wane harshe? Ni zai gane ko kai?"

Na kira. Mok Yat-on, na Sek-kiu, ɗan mai gishiri, Baffanka ne, fito daga ruwa. Ban yi niyyar ɗaga murya haka ba.

Muka zauna har rana ta take. Ba komai. Ƙuda ya gifta bai sauka ba, na ji daɗi, ba zan kai ƙuda gida ba. Na fara cewa mu tashi, Talaleu ta riƙe mini gwiwa.

Wata 'yar ƙaguwa ce ta fito daga jiƙaƙƙen yashi, ba ta kai tafin jariri ba. Ta zo bakin zanen ta tsaya. Ta koma. Ta dawo. Falaniko ya ce a hankali, "Danginku ne, mijin yaya, dubi taurin kai." Sannan ta hau, a karkace, tana jan ƙafa ɗaya, ta je tsakiya ta zauna.

Talaleu ta haɗa kusurwoyin ta miƙo mini. Ba nauyi ko kaɗan. Da hannu biyu na karɓa, don haka ake karɓa, ba don wani abu ba.

A hanya na ce tudu zan kai. Sai na tuna tudu na masu jiran tafiya ne, wannan kuwa ba abin da za a tono. Talaleu ta ce akwai wuri a gaban ɗaki kusa da kaburburan yaran, in ban ƙi ba. Ita ta faɗa, ban roƙa ba. Falaniko ya haƙa.

Lahadi, 28 ga Yuni

Ba wai na yarda ba ne. Ƙaguwa ƙaguwa ce. In Sito ya tambaya zan ce matar ce ta matsa.

Na dai kafa ɗan allo, don rami ba allo ba kyan gani. Na ajiye shinkafa da shayi da safe, da ganye mai yawa saboda ƙafar. Ragowar na ci. Ta wuce.

Da rana Falaniko ya kawo ƙaguwa cike da kwando, Talaleu ta dafa da madarar kwakwa, irin wadda nake so. Ta zuba mini. Na ce haƙorina ke ciwo.

Ta dube ni, ta janye kwanon, ta turo mini gwaza.